Abdulaye Mamani da Sarauniyar Lugu: littafin da bai gama dawowa gida ba



Da wuya a sami ɗan Nijar da ya zauna a aji bai ji sunan Sarauniya Mangu ba. An sa sunanta a makarantu, akwai gidan rediyo da talabijin mai sunan Sarauniya a Yamai, gwamnatin soja da ta karɓi mulki a 2023 kuma ta ƙirƙiro lambar yabo ta ƙasa da sunanta. Amma kafin 1980, in an fita daga ƙasar Arewa, wato ƙasar Arawa ta Dallol Mawri, kaɗan ne suka san an yi wata mace a Lugu wadda ta ƙi buɗe wa Nasara hanya. Abin da ya fitar da sunanta daga wannan kwari ya kai shi duniya littafi ne guda, na mutum guda, Abdulaye Mamani. Jawabin yau a kan rayuwar wannan marubuci yake: yadda ya rayu, abin da ya tarar da ya tashi bincike, abin da ya ƙara da hannunsa, da kuma wahalar da marubucin ƙasar nan yake sha kafin ya sadu da masu karatunsa.

Ɗan Sawaba kafin ya zama marubuci

An haifi Abdulaye Mamani a 1932 a Gudumariya, can gabas, ƙasar Mangawa. Ba ɗan Arewa ba ne, kuma wannan yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. A Damagaram ya yi ƙuruciyarsa ta siyasa. Ya shiga ƙungiyar ƙwadago, ya bi Jibo Bakari cikin jam'iyyar Sawaba, aka zaɓe shi ɗan majalisa tun yana da shekara ashirin da ƴan kai, har ya wakilci Nijar a babbar majalisar Afirka ta Yamma ta Faransa da ke zama a Dakar.

A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta nemi jama'a su ce a'a ga tayin Janar De Gaulle, su zaɓi ƴancin kai nan take. Ta sha kaye, gwamnatin Jibo Bakari ta faɗi, a 1959 aka haramta jam'iyyar. Daga 1960 Mamani ya shiga gudun hijira, ya zauna a ƙasashen Afirka dabam-dabam, ya daɗe a birnin Aljas inda ya wakilci Sawaba. Shekara goma sha huɗu ya yi bai taka ƙasarsa ba. Cikin wannan zama ne alƙalami ya maye masa gurbin dandalin siyasa: a 1972 ya fitar da kundin waƙoƙinsa mai suna Poémérides a Faransa, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo mai suna Le Balai, wato tsintsiya.

Da sojoji suka kifar da gwamnatin Jori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, ƴan gudun hijira suka ɗauka gari ya waye, suka dawo. Ba a jima ba gwamnatin Seyni Kunce ta juya musu baya, Mamani ya shiga cikin waɗanda aka tsare, ya yi shekaru a kurkuku. Saboda haka mutumin da ya fitar da Sarraounia a 1980, a kamfanin L'Harmattan na birnin Paris, mutum ne da jam'iyyarsa ta faɗi, ya ɗanɗani hijira, ya ɗanɗani ɗauri. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin cewa, cikin dukan tarihin Nijar, labarin wadda ta ce a'a alhali maƙwabta sun sunkuyar da kai ne ya ja hankalinsa ba.

Abin da takardun Nasara suka faɗa

Duk mai son rubuta wannan labari a shekarun 1970 yana da rijiya biyu da zai ɗebi ruwa. Ta farko ita ce takardun Faransawa.

A watan Yuni 1898 Faransa da Ingila suka sa hannu a yarjejeniyar raba wannan yanki. Iyakar da suka shata ta bi Dallol Mawri, sa'an nan ta yi baka mai nisan mil ɗari kewaye da birnin Sakkwato. Faransa ta tashi rundunar da za ta ratsa daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi, ta ba kaftin Paul Voulet da kaftin Julien Chanoine jagora. Chanoine ɗa ne ga janar ɗin da ya riƙe ma'aikatar yaƙi ta Faransa a 1898. Rundunar tana da ɗaruruwan sojoji baƙar fata da ɗaruruwan ƴan dako da aka kamo da ƙarfi, ba ta da isasshen guzuri, ƙasar da ta shiga kuwa ruwanta na rijiya ne. Tun daga Sansane Hausa, a watan Janairu 1899, ta mai da ƙona gari da kisa da kwasar hatsi hanyar cin abincinta.

A tsakiyar Afrilu 1899 ta iso Lugu, arewa maso gabas da Dogon Dutsi. Mutanen garin da na kewaye suka tsaya da baka da kibiya, suka ja daga cikin sarƙaƙiyar daji. Lissafin Faransawa ya nuna an kashe musu mutum huɗu, an raunata shida, abin da ba su saba gani ba tun tasowarsu daga bakin kogi. Suka ƙone garin suka wuce, ba su kama Sarauniya ba. Farkon watan Mayu suka afka wa Birnin Ƙonni, inda aka yi kisan da har yau ba a manta ba. A can Paris kuwa, wasiƙar wani laftana mai suna Peteau, wanda Voulet ya kora, ta riga ta tona asiri, aka aiko kanar Klobb ya karɓe ragamar rundunar. Ranar 14 ga Yuli 1899, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojin da kansu suka kashe Chanoine da Voulet, kaburburansu suna Maijirgi. Laftana Joalland da laftana Meynier suka ci gaba da tafiya har Cadi.

Joalland ya buga nasa labarin a 1930, cikin littafin da ya kira Le drame de Dankori. Sunan littafin kaɗai ya isa ya nuna inda hankalinsa yake: abin takaici a wurinsa shi ne Bafaranshe ya kashe Bafaranshe. Sarauniya kuwa ƴan layuka ta samu, a matsayin wata tsohuwar matsafiya da ta aiko da saƙon raini. A 1976 ma, da marubucin Faransa Jacques-Francis Rolland ya mai da wannan tafiya ƙagaggen labari mai suna Le Grand Capitaine, Voulet ne ya tsaya a tsakiyar fage. Sauran takardun suna ajiye a Dakar da Faransa, an rubuta su domin ministocin Paris, kuma wanda ya riƙe bindiga shi ne ya riƙe alƙalami.

Abin da Lugu ta riƙe

Rijiya ta biyu tana nan Arewa, a bakin tsofaffi. A nan kowa ya san Sarauniya suna ne na sarauta, an yi su da yawa kafin 1899, an kuma yi bayanta. Bisa ga abin da ake gada, ta farko daga Daura ta taso, dutsen Tunguma yana mata jagora har ta sauka a Lugu. Aikinta na addinin gargajiya ne, na kiyaye ƙasa da neman damina mai albarka, tare da Baura na Bagaji. Tana zaune cikin ɗakinta, tana kaɗin auduga, ba ta yawo. In ta rasu, ta hanyar tarkama ake gane magajiyarta: a ɗauki gawa, ita ce za ta nuna wadda za ta gaje ta. Sarautar iko da doki da mashi kuwa tana hannun Sarkin Arewa a Matankari da sauran gidajen sarauta, har da gidan Samna na nan Tibiri. Masanin Faransa Marc-Henri Piault ya bayyana wannan rabon aiki tsakanin masu ƙasa da masu sarauta cikin littafinsa Histoire Mawri na 1970.

To, a dubi abin da ke gaban marubuci. A hannu ɗaya ƴan layukan raini daga bakin abokin gaba. A ɗaya hannun, mace mai tsarki wadda darajarta ke cikin ɓoyuwa da kawaici, wadda mutanenta ba su saba baza sirrinta a kasuwa ba. Masanin tarihi yana iya tsayawa nan ya ce iyakar abin da aka tabbatar ke nan. Marubucin ƙagaggen labari aikinsa daga nan yake farawa.

Inda marubuci ya sa hannunsa

Mamani ya ba Sarauniya ƙuruciya, ya ba ta uban goyo mai suna Dawa wanda ya koya mata harbi da sanin itatuwan magani, ya ba ta mayaƙa da maroƙi da fada. Ya fitar da ita daga ɗaki ya tsayar da ita gaban dakaru, tana magana kamar shugabar al'umma, tana kiran duk wanda aka zalunta ya zo ya sami mafaka, ko wane harshe yake ji, ko wane addini yake bi. Ya kewaye ta da sarakunan da tsoro ko kwaɗayi ko tsohuwar gaba suka hana su kawo mata gudummawa. Ya kuma nuna cewa tsayin dakan da ta yi ne ya fara karya zuciyar rundunar, har ta kai ga watsewar da aka yi a Dankori.

Wannan ba ha'inci ba ne, domin a kan littafin an rubuta cewa ƙagaggen labari ne, kuma haka sana'ar take tun daga Walter Scott na Scotland, wanda ya fitar da Waverley a 1814. Haka Thomas Mofolo ya yi da Chaka sarkin Zulu a 1925. Haka Malam Bello Kagara ya yi cikin Ganɗoki a 1934, inda ya ɗauki yaƙin da aka yi da Turawan Ingila ya haɗa shi da tatsuniya. A nan Nijar, André Salifou ya hau da Tanimun na Damagaram kan dandalin wasan kwaikwayo. Kowannensu ya ɗauki ƙashin tarihi ya sa masa tsoka, kuma kowannensu da mutanen zamaninsa yake magana. Mai karatu da ya san 1958 zai ji amon ƙuri'ar a'a cikin muryar Sarauniyar Mamani, zai kuma gane su wa ake nufi da sarakunan da suka tarbi baƙo da goro.

Matsalar ta taso ne daga baya, sa'ad da littafin ya yi ƙarfi har ya rufe abin da ya samo asali daga gare shi. Masu bincike irin su Antoinette Tidjani Alou ta jami'ar Yamai da Elara Bertho ta Faransa sun nuna yadda siffar da Mamani ya zana ta zama ita ce siffar da ƙasa ta sani. Yaro yana karanta ƙagaggen labari a lakkal, ya ɗauka shi ne tarihi baki ɗaya, ya dawo gida ya ji kakarsa tana faɗin wani abu dabam, ya yanke hukunci cewa tsohuwa ce ta ruɗe. Ga mutanen Arewa abin ya wuce gardamar masana. Garuruwan da littafin ya ambata garuruwa ne masu rai, gidajen sarautar da ya sa wa baki suna da jikoki, kuma hukuncin da marubuci ya yanke domin labarinsa ya yi armashi bai kamata a ɗauke shi shari'ar da aka gama a kan zuriyar kowa ba.

Tafiya neman masu karatu

A ƙasashen da littafi ke da kasuwa, marubuci in ya gama aiki sai ya shiga rangadi gari-gari, ya karanta wa jama'a, ya amsa tambayoyi, ya sa hannu a littafin wanda ya saya. Marubucin Nijar na zamanin Mamani tasa tafiyar ta fi wannan tsawo da wuya. Da Faransanci ya yi rubutu, harshen da mafi yawan ƴan ƙasarsa ba su karantawa. A Paris aka buga littafin, da kuɗin Faransa aka sa masa farashi, sai ya hau jirgi kafin ya iso ƴan kantunan littattafai na Yamai. Da aka karya darajar sefa a watan Janairu 1994, tamanin faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, littafin da aka shigo da shi daga waje ya ƙara yin nisa da aljihun malamin makaranta, balle na manomi.

Saboda haka ta wasu ƙofofi Sarauniyar Mamani ta shiga wurin jama'a. Babbar ƙofa ita ce silima. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya ɗauki littafin ya mai da shi fim. A Nijar aka yi niyyar ɗaukarsa, shirin ya wargaje tsakaninsa da hukumomin lokacin, sai Burkina Faso ta Thomas Sankara ta buɗe masa ƙofa. Fim ɗin ya fito a 1986, Aï Keïta ce ta fito a matsayin Sarauniya, a 1987 kuma ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu, wato Dokin Yennenga. Daraja ce babba ga marubucin da ƙasarsa. Sai dai duwatsun da aka gani a fim ɗin ba na Dogon Dutsi ba ne, kuma ba da Hausar Arewa jarumar take magana ba. A daidai wannan zamani, Yazi Dogo da abokan wasansa suna shiga kowane gida mai talabijin da wasan kwaikwayo na Hausa, ba su bukatar tafinta. Wannan bambanci ya isa abin tunani ga duk mai riƙe da alƙalami a ƙasar nan.

Iskar demokaraɗiyya ta ɗan sassauta al'amura. Jaridu masu zaman kansu suka fito daga 1990, aka yi taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, sunan Sawaba ya daina zama abin raɗa. A farkon shekarun nan ne Jean-Dominique Pénel ya zauna da marubutan Nijar ɗaya bayan ɗaya, ya tattauna da su, ya buga hirarrakin cikin jerin littattafai mai suna Rencontre. Mamani yana cikin kundin farko, tare da irin su Ibrahim Issa da Ide Umaru da Yazi Dogo. A nan ne mai bincike zai ji marubucin yana bayanin aikinsa da bakinsa.

A 1993 aka ba shi lambar yabo ta adabi mai sunan Bubu Hama. Masu tunawa da siyasar da za su ga abin lura a nan, domin Bubu Hama shi ne shugaban majalisar dokoki a gwamnatin da ta haramta Sawaba, ga shi kuma da sunansa ƙasa ta zo karrama ɗan Sawaba. Mamani ya taso daga Damagaram ya nufi Yamai domin karɓar kyautar, tafiyar kusan kilomita 900 a kan babbar hanyar da ta bi ta Maijirgi da Tasawa da Ƙonni da Dogon Dutsi, ta ratsa ƙasar nan a Kore Mairuwa, wato kusan sawun rundunar Voulet in an juya shi. Bai iso ba. Ya rasu cikin haɗarin mota a watan Yuni 1993, yana da shekara sittin da ɗaya, ƴan makonni bayan rantsar da Mahaman Usman, shugaban farko da aka zaɓa cikin takarar jam'iyyu da yawa. A shekarar aka tattara waƙoƙinsa aka buga, wani ƙagaggen labarin nasa kuma, Le Puits sans fond, bai ga hasken rana ba sai a 2014.

Abin da ya rage wa Arewa

Mamani ya sauke nasa nauyin. Baƙo ne daga gabas, ya ji labarin wata mace ta yamma, ya ga a cikinsa abin da zai ɗaga kan ƙasa baki ɗaya, ya rubuta shi da harshen da zai kai shi nesa. Ya kai shi nesa kuwa. Abin da bai samu ba shi ne dogon zama da mutanen da labarin yake nasu, a ƙofar fada ko a gindin gawo, su ji abin da ya rubuta, su ce masa nan ka faɗi daidai, nan kuma ba haka kakanni suka faɗa ba. Wannan zama har yanzu ana iya yin sa, ko da marubucin ba ya nan, kuma akwai aiki iri uku da ke hannun mutanen wannan ƙasa.

Na farko yana wuyan malaman lakkal da na kwaleji. Su karantar da Sarraounia, su fassara wa yara da iyayensu shi da Hausa, amma su faɗa musu a fili cewa ƙagaggen labari ne, su nuna musu inda takarda ta tsaya, inda bakin tsofaffi ya tsaya, da inda marubuci ya ɗora nasa. Yaron da ya koyi rarrabe waɗannan uku a kan labarin Lugu zai iya rarrabe su gobe a cikin jawabin ɗan siyasa.

Na biyu yana wuyan ɗalibai da masu ilimin Arewa. Tsofaffin da suka ji labarin 1899 daga bakin waɗanda suka gani da ido sun kusa ƙarewa, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. A yau kowace wayar hannu tana ɗaukar murya. A Yamai akwai cibiyar CELHTO da cibiyar IRSH, waɗanda aikinsu ke nan, adana tarihin baka. An riga an fara: a 2007 wasu ƴan Arewa da abokansu na Faransa sun fitar da littafi a kan Lugu da sarautar Sarauniya, wanda ya ba mutanen garin dama su faɗi nasu. Kuma ba Lugu kaɗai ke da labari ba. Nan Tibiri akwai Samna Ƙarhe, wanda ya yi zamani a ƙarni na 19, ya haɗa kai da Kabawa da Zabarmawa a yaƙe-yaƙensu da Gwandu. Makaɗa sun riƙe sunansa, yana jiran wanda zai zauna ya yi masa irin aikin da aka yi wa Sarauniya, da Hausar da aka yi yaƙin da ita. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Na uku yana wuyan masu mulki, na yau da na gobe, masu kaki da masu babbar riga. Ɗaukar sunan Sarauniya a liƙa a lambar yabo abu ne mai sauƙi. Mutumin da ya sa aka san sunan, gwamnati ɗaya ta kore shi, wata ta ɗaure shi, saboda ra'ayinsa. Duk hukumar da ke alfahari da macen da ta ce a'a, a auna ta da yadda take yi da marubuci ko ɗan jaridar da ya ce mata a'a, a kuma auna ta da hanya da rijiya da makarantar da ta kai Lugu da ƙauyukan da ke kewaye da ita.

Allah ya jiƙan Abdulaye Mamani, ya jiƙan waɗanda suka faɗi a Lugu da Ƙonni da sauran garuruwan da rundunar ta bi, ya ba Arewa marubutan da za su ɗora daga inda ya tsaya.